Masuncin da Ya Zo Neman Muryarsa

Wata rana ina ɗakin labarai na gidan rediyon gwamnati da nake wa aiki, maigadi ya ce wani dattijo yana jirana a bakin ƙofa.

Ina ganinsa na gane shi.

Masunci ne. Mako biyu kafin nan na je ƙauyensu na naɗi muryarsa, yana bayanin yadda ruwan dagwalon wani kamfanin jima ke kashe musu kifi a kogi. Kowa a garin ya ja bakinsa ya tsuke, shi kaɗai ya yarda ya yi magana, har ya ce a faɗi sunansa.

Ni kuma da rawar kaina na ce ya saurari labaran ƙarfe ɗaya.

Ashe kullum sai ya tara mutane a gindin tsamiya, ya kunna rediyo.

Shiru kake ji.

Editanmu ne ya danne rahoton, kuma da kansa ya buga wa kamfanin waya. Su kuma suka sallami 'yan ƙauyen da ke yi musu leburanci. Laifin duk ya koma kan dattijon. Majalisar da yake zama ta watse, ko a masallaci da ƙyar ake amsa gaisuwarsa.

Kunya ta ishe ni, na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kamfanin nan su ke ɗaukar nauyin labaranmu."

Ya ce, "Ɗan nan, kullum ina jin kuna faɗin haka, na zaci taimako ne. Mu a wajenmu wanda ya ɗaukar maka kaya, in kun iso sauke maka yake yi. Naku ya wuce da kayan gidansa."



Abu ɗaya ya roƙa, in kunna masa abin da na naɗa. Na sa masa waya a kunne, ya tsaya cikin rana ya saurari kansa har ƙarshe.

Ya miƙo min wayar, ya ce, "To alhamdulillahi, ai ban yi ƙarya ba."

Ya juya ya nufi tasha, ba mai rakiya.

Rahoton da na shirya wa jiha guda, mutum ɗaya ne ya ji shi.

Darasi: Kafin ka gode wa mai ɗaukar nauyinka, duba me ya hana ka faɗa. Kuma kada ka sa talaka ya buɗe baki in ba za ka iya tsaya masa ba.

Ku yaɗa wannan, ko ya samu masu sauraron da muka hana shi.