Ranar da aka ƙi yi mini allura

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Jiya na ga wata yarinya tana zagin ma'aikatan asibiti don an ɗage mata gwaji, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Abin ya faru da ni ne lokacin da kuɗin mai ke yawo a birnin Libreville. Shagon maigidana Alhaji, Allah ya jiƙansa, yana unguwar Glass, sai ya kori masu saye kafin ya rufe. Muna zaune a unguwar Lalala, gida ɗaya da mutanen Garwa da na Maraɗi, tukunya ba ta sauka daga wuta. Ina kewar zamanin nan.

Cikin wannan daɗi na fara ramewa. Ina ci, ina zubewa. Zuciya na bugawa kamar na yi gudu, hannu na rawa har ba na iya sa zare a allura. Sai ƙullutu ya fito mini a wuya.

Likita ya taɓa, ya ce, "Hajiya, sai an ɗauki hoto na musamman kafin mu san irinsa." Bai ce ciwon daji ba. Ni na faɗa wa kaina. 'Yata Hadiza ko sakandare ba ta gama ba.

Kafin hoton, ana yi wa mutum allurar wani ruwa mai fitar da hasken da ido ba ya gani. Jirgi ke kawo shi, kuma ƙarfinsa raguwa yake sa'a bayan sa'a. Sai an sa sirinjin cikin wata na'ura mai kama da turmi ta faɗi ƙarfinsa. Ita ma na'urar kullum da safe ana jarraba ta da wani ɗan gwangwani da aka riga aka san nasa ƙarfin.

Ranar da aka ba ni, muna kan benci ni da Alhaji da Hadiza, sai matar da ke kula da na'urar, 'yar ƙasar ce, ta fito ta ce awon bai fito daidai ba. Ba za a yi wa kowa allura ba sai an saita ta.

Alhaji ya ce, "Hajiya, kin fi ni Faransanci, ce mata ta kimanta da ido. Sau nawa nake auna shinkafa ba sikeli?"

Na ce, "Alhaji, wuyana ne, ba buhu ba."

"To in ba ta na goro?"

"Mayar da hannunka aljihu. Yarinya na kallonka."

Ya zauna yana gunaguni. A taksi, kan hanyar bakin teku, na juya fuskata ga taga na yi kukana.

Ruwan allurar ya lalace. Aka jira mai saita na'urar, aka jira wani jirgin. Makonnin nan ba na fatan su ga kowa. Wata maƙwabciyata ta kawo wanzami don ya tsaga ƙullutun. Na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi.

Da aka yi hoton, likita ya nuna mini wurin ƙullutun yana haske sosai. Ya ce, "Aiki ne ya yi masa yawa, ba daji ba ne. Da awon ya karkace, da zato za mu yi ta yi." Aka yi mini tiyata aka cire gefen da ƙullutun yake. Kuɗi sun tafi, Alhaji bai taɓa faɗa mini nawa ba. Na warke, na ga auren Hadiza.

Alhamdulillah. Na gode wa matan Lalala da suka yi ta kawo kunu. Matar nan mai kula da na'ura kuwa ko sunanta ban tambaya ba, Allah ya saka mata.

Ku yaran yanzu, in kun ga kumburi a wuya, ku je asibiti, kada a sa muku aska. In an ce na'ura ba ta daidai, ku riƙe bakinku ku koma gida. Wanda ya ƙi yi muku allura ranar nan ba maƙiyinku ba ne.