Ranar da Namadi Ya Hana Dogo Rantsuwa

Namadi mai haƙar rijiya ne. Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Tambuwal da Sanyinna a wancan zamani, da wuya a ce bai sha daga ramin da ya haƙa ba. Gajere ne kakkaura, ba ya son dogon zance. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, shi ya sa har yau in na tuna abin da aka yi masa sai raina ya ɓaci.

Gidan ba na a zo a gani ba ne: ɗaki uku na ƙasa, da zaure, da rumbu biyu. Amma da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar, kuma ba shi da komai a duniya bayansa. Shekarar da aka samu mulkin kai aka kira shi Kebbe aikin rijiyoyi. Ya kwashi matarsa Zahara'u da 'ya'yansu uku, ya bar gidan a hannun Dogo dillali don ya sa ɗan haya kafin su dawo.

Dogo taubashinsa ne, ɗan goggonsa Na'iya, wadda ta goyi Namadi bayan rasuwar uwarsa. Dillancin Dogo kuwa kowa ya san shi. Zai nuna maka kango, ya yi ta zuba har ka ji kamar ka tare yau. Na ja kunnen Namadi, ya yi dariya ya ce, "Bawana na, mi zai iya yi min?"

Bayan rani biyu suka dawo, suka tarar da sabuwar ƙofar kwano a zauren. Wani mai sayen auduga, Maccido, ya fito ya ce gidansa ne, a hannun Dogo ya saya, an raba goro gaban shaidu.

Namadi ya iske Dogo a kasuwa. Dogo ya bushe da dariya ya ce, "Ku ji min bawan ga! Kai kac ce in saida, na kai maka haƙƙinka har Kebbe, yanzu ka manta?" Kasuwa ta ɗauka da shewa, don an saba jin taubasai suna yi wa juna sharri. Namadi ya je wurin mai unguwa, aka ce ba a shiga wasan taubasai. Ya yi kwana uku yana zarya ƙofar hakimi, aka ce maganar gida ce, su koma su sasanta. Mutum yana kuka da hawaye ana ce masa ya iya wasa!

Duk wannan lokaci a zaurena suke, su biyar. Ga damina ta kawo kai, Zahara'u na girki a bakin hanya, ƙaramarsu tana tari. Namadi ya daina cin abinci sosai. Ƙarshe ya sa aka rubuta masa takardar ƙara, ya kai gaban alƙali.

Alƙali ya saurare shi tsaf, shi ne mutum na farko da bai yi dariya ba. Ya ce ya kawo shaidun cewa haya kawai ya ce a bayar. To wa yake kiran shaida tsakaninsa da ɗan goggonsa? Ni ma daga bakin Namadi na ji, aka ce wannan ba shaida ba ce. Sai rantsuwa ta faɗa kan Dogo. In ya dafa Alƙur'ani cewa an sa shi sayarwa kuma ya miƙa kuɗin, magana ta ƙare. In ya kasa, gida ya koma hannun mai shi. Aka sa ranar Alhamis.

Mu dai mun sa rai, don a garinmu ba wanda bai san ƙarshen mai rantsuwar ƙarya ba. Ranar da safe Dogo ya yi alwala a gaban jama'a yana ƙyaƙyata dariya, amma na ga leɓensa ya bushe. Na raɗa wa Namadi, "Ka daure, wallahi hannunai ba ya sauka."

Ana ɗauko Alƙur'ani sai ga Na'iya ta shigo tana dogara sanda. Tsohuwar nan ta zube a gaban Namadi, ta kama ƙafarsa.

Ta ce, "Namadi, ban ga komi ba balle in yi shaida, amma na san abin da ni haifa. Taurin kai garai, rantsewa za shi yi, kuma in ya rantse ba ya ganin kaka. Don bayan da ya goye ka, kak ka bari shi taɓa littafin ga."

Namadi ya tsaya kamar an dasa shi. Na riƙe rigarsa ina cewa ya tuna yara. Ya dubi Dogo, ko zai ce wani abu. Dogo ya kau da kai, ya miƙa hannu.

"Allah shi gafarta malam," in ji Namadi, "na janye."

Sau uku alƙali ya tambaye shi ko ya san abin da hakan yake nufi, sau uku ya ce ya sani. Na'iya ta yi ta sa masa albarka tana kuka. Sannan Dogo ya kama hannunta suka fita, ko waiwaye bai yi ba.

Ni da Namadi muka kamo hanya. Da muka shawo kwanar unguwarmu sai muka hango Zahara'u a ƙofar zaurena, zaune a kan kayansu. Tun da safe ta ɗaure su, har ta yi wa yara wanka. Tana ganinmu ta miƙe, ta ɗora tabarma a kai, ta ce, "Malam, mu taho?"