Zakaran da Miliyoyi Suka Gani, Mutum Ɗaya Ya Ji

Kafin gari ya gama wayewa, Kaka Anbo Tsuyako ta riga ta zura ƙafa cikin dogayen takalman robar marigayi mijinta, ta ɗauki shebur ta share dusar ƙanƙarar da ta toshe hanyar akurki. Ta fasa ruwan da ya daskare a kasko, ta zuba mai ɗumi, ta cakuɗa dusar shinkafa da yankakken kabeji da garin kifi. Sannan ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, ta lumshe ido, tana jiran zakarunta su fara. Haka na taso na same ta tana yi a gidan da ke jikin namu, a ƙauyenmu na cikin tsaunukan Akita, haka kuma mahaifinta ya yi kafin ita.

Zakarun nata koeyoshi ne, tsohon iri mai doguwar cara. Muryarsu kauri gare ta, ƙasa-ƙasa. Zakara zai fara a hankali, ya ɗaga, ya riƙe, ya yi ta riƙewa, sannan ya sauke. Da ina 'yar firamare nakan ɗaure igiyar takalmina duka biyu kafin guda ya ƙare. Sun hana ni barcin safe har na bar gida, yanzu kuma da nake zaune a birni babu abin da nake kewa kamar su.

Kiwon nasu wahala ce zalla. Kajin rowar ƙwai gare su, 'yan tsakin kuma abu kaɗan ke kwantar da su. Aikin gaba ɗaya a kunne yake. Duk shekara idan samarin zakaru suka fara cara, mai kiwo zai zauna ya saurara, ya zaɓi wanda zai zama uban na gaba. In aka yi kuskure aka ɗauki mai gajeren numfashi, 'yan shekaru kaɗan irin zai koma zakaran kowa da kowa.

Kodama mai kai wasiƙu shi ne shaidar shekarar da ƙanƙara ta tsinke mana wayar lantarki, injin ƙyanƙyasa ya mutu. Ya iso ƙofarta ya rusuna, ita kuwa ta tsaya ƙyam kamar sanda.

"Ka yi haƙuri ɗan nan," in ji ta, "yau ba zan iya rusuna maka ba. Kwanci nake yi."

Ashe ƙwayayen ta jera a ɗamararta, a jikin cikinta. Haka ta yi ta yawo da su, tana barci a zaune, har wuta ta dawo. Daga cikinsu aka sami kakan Gonta, zakaran da duk ƙasar nan ta sani yanzu.

Ke ce mai kunnen ƙauyenmu, Kaka. Ke ce kika riƙe muryar da aka bar miki lokacin da abokan kiwonki suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu suna mayar da akurki gareji.

Sai kunnen ya fara tafiya. Ni ta faɗa wa, wata rana da na je gaishe ta, tana zuba min shayi ba ta ko kalle ni ba.

"Fumi, farkon carar nake ji yanzu, ƙarshen ya daina zuwa min. Wanda ba ya jin ƙarshe kuwa ba shi da hurumin zaɓe."

'Yarta ta riga ta gyara mata ɗaki a birnin Sendai, a benen da ko kyanwa ba a yarda da ita ba. Da ƙanƙara ta narke za ta koma can. Ta tambayi kowa a ƙauyukan kewaye, ba wanda ya karɓi kajin. Na dawo birni zuciyata a cunkushe, don na san in ta rufe akurkin nan, irin gidansu ya ƙare ke nan.

A cikin sanyin nan ne Kodama ya ɗauki bidiyon Gonta. Gogan ya hau kan shinge, ya miƙe wuya, ya buɗe baki ya yi ta ja, ya yi ta ja, yana karkacewa baya kaɗan-kaɗan, sai ji kake tim, ya faɗa cikin dusar ƙanƙara, ƙafafu a sama. Kodama ya sa a intanet don abokansa su yi dariya. Kafin mako ya zagayo miliyoyi sun gani. Wani ya rubuta a ƙasa, "Ni ke nan bayan jawabin manaja ranar Litinin." Wani ya ɗaura masa laktaye. Wata ta sa masa hular 'yan sama jannati ta cilla shi duniyar wata.

Na kai wa Kaka wayata ta gani. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce santsin shingen ne ya kayar da shi, kada a ɓata wa ɗanta suna. Can sai ta ce, "To me suka ce game da muryar?"

Na duba sharhi sama da ƙasa, ban ga ko ɗaya ba. Nan na gane abin da ya faru. Mu mutanen da tun muna yara aka hore mu kada wayarmu ta yi ko tari a cikin jirgin ƙasa, duk a kan hanyar aiki muka kalli Gonta, sauti a kashe. Ƙasa guda ta ga faɗuwarsa, ba ta ji abin da aka shafe zamani ana kiwonsa dominsa ba. Na faɗa mata. Ta ce, "Ayya," ta tashi ta tafi ba su ruwa. Wannan "ayya" ta yi min ciwo.

Ina cikin wata 'yar ƙungiya ta marubuta a intanet, masu rubuta labaran duniyoyin da babu su: gobe mai nisa, wasu taurari, garuruwan aljanu. Tarkacen mutane ne mu. Akwai jikar Koriyawa da ke Osaka, akwai ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin, akwai direban babbar mota. Akwai kuma Shimabukuro Rei, mutumin Okinawa, tsibirin can kudu mai zafi, makaho, wanda ke amsa wayar abokan ciniki daga gida. Da aka turo bidiyon cikin zaurenmu kowa ya sa fuskar dariya, shi kuwa ya rubuto, "Me ake wa dariya? Ni dai na ji wani abu ya yi waƙa, tsigar jikina ta tashi."

A makon ya rubuta labarin wani kumbo da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya inda babu rana, mutanen ciki sun manta mene ne safiya, sai gida ɗaya da ke gadon kiwon zakara yake tuna musu. Sauran muka biyo baya, kowa da nasa Gontan, har muka haɗa ɗan littafi. Rei ya ce shi zai kai wa Kaka da hannunsa. Suka zo da matarsa Luciana, wadda aka haifa a Brazil, ni ma na raka su.

"Kai mutumin Okinawa," Kaka ta tare shi a ƙofa, "ka taɓa ganin ƙanƙara kuwa?"

"Gani dai ban taɓa ba, Kaka. Amma na taɓa ta a firji."

"Shigo kafin ka daskare min a ƙofa, a ce ni ce."

Na karanta mata labarin Rei da ƙarfi a saitin kunnenta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "A kumbon nan, me suke ba shi ya ci?" Ya ce garin tsiron teku. Ta ce, "A ƙara masa kabeji, in ba haka ba muryar za ta bushe."

Washegari da sassafe ta zaunar da Rei a 'yar kujerarta. Samarin zakaru uku ne ta kasa zaɓe a tsakaninsu. Takan ɗora tafin hannu a jikin akwatinsu na katako ta ji rawar muryar, amma hannu ba ya faɗin komai da komai. Ya saurara har hancinsa ya yi ja.

"Na tsakiyar ya fi tsawo," in ji shi, "amma yanke ta yake yi kamar an kashe rediyo. Na gefen nan bai kai shi ba, sai dai yana sauke ta a hankali, kamar mai ajiye kwanon miya a cike."

Kaka ta juyo gare ni ta ce, "Abin da babana yake cewa ke nan. A saurari saukarwa."

Ba ta koma Sendai a wannan shekarar ba. Ta ce wa 'yarta a ƙara mata lokaci, ta sami ɗalibi. Rei da Luciana suka kama wani gida da ya daɗe a rufe a ƙasan hanya. Shi ke da kunne, ita ke duba zanko da ƙafa da gashi, Kaka kuma ke da faɗa. Shekara biyu tana koya musu, ba ta ɓoye ko abu ɗaya ba, har yadda ake jera ƙwai a ɗamara.

A watan jiya ta miƙa musu kajin, ta bar wa Luciana takalman robar. Ran da za ta tafi ta ɗauki Gonta ta rungume, ta ɗora tafinta a ƙirjinsa. Ya yi cara, ita kuma ta lumshe ido har ya sauke.

"Ya kai ƙarshe lafiya?" ta tambayi Rei.

"Lafiya lau, Kaka. Ko ɗigo bai zube ba."

Mun gode, Kaka Tsuyako. Kin gaji abu kin riƙe shi da kyau, da kika ga kunnenki ya gaza ba ki yi gardama ba, kika nemo wani kunnen kika danƙa masa. Duk mai wata sana'a da ya ga tana shirin binsa kabari, ya yi koyi da ke, ya buɗe ƙofa ko da baƙo ne daga ƙarshen ƙasa ya ƙwanƙwasa.

Ku kuma da kuka yi dariyar Gonta, ba laifi, ita ma ta yi. Bidiyon yana nan. Yau idan kun sauka daga jirgi kun isa gida, ku sake buɗe shi, ku kunna sautin, ku saurara har ya sauke.