Ranar da Aka Hana Mai Nutso Riƙe Numfashi

Shekara arba'in Mai Nutso ya yi yana cin abinci da huhunsa. In igiya ta sarƙe farfelar jirgi a bakin gaɓa, shi ake kira. Ya ja iska sau ɗaya, ya ɓace da wuƙarsa, sai masu kallo sun fara salati ya ɓullo yana dariya. Da wannan ya aurar da ƙannensa, ya kai autarsa makaranta.

Yau ga shi kwance cikin na'urar hoton zuciya, kunnuwa a rufe, ana ta ƙwanƙwasa kamar maƙera. Likita ya ce sai ya ga naman zuciyar sarai kafin ya san ko tiyata za ta yi amfani. Hoton kuwa ba ya son motsi: ƙirji ya hau, zuciya ta bi shi, komai ya dagule.

"Baba, riƙe numfashi," in ji ma'aikaciyar da ke kula da na'urar, ta lasifika.

Daƙiƙa shida, tari ya turnuƙe shi. Sau huɗu ana haka. Kunyar ta fi masa tarin ciwo.

"To, mu sauya dabara. Yi numfashinka kawai. Na'urar za ta sa ido kan tantanin da ke ƙasan huhunka. Duk sanda ya dawo wuri ɗaya ta ɗauka, in ya kauce ta jira."

Bai yarda ba. Lallashin tsoho ne, ya ce a ransa, sai ya riƙa riƙewa a ɓoye don ya taimaka musu.

"Baba, kana riƙewa."

"Ni? Wa ya gaya miki?"

"Ina ganinka fa. Layin numfashinka a allona ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle kamar ɗan akuya. A haka sai mu wuni."

Sai ga muryar 'yarsa Auta a lasifikar. "Baba, ba gasa ake ba. Yi irin na kan kujerar tsakar gida, bayan cin abinci."

"Ja'ira! Minshari kike nufi?"

"Ban da minsharin."

Da dariya ta lafa, ya saki jiki. Iska ta shiga, ta fita, ba wanda ya ƙirga masa.

Bayan an fito da shi, likita ya juyo masa allon. Ga zuciyarsa nan, ɗakuna huɗu, gefenta tsaf kamar an zana da reza, ba ko alamar girgiza.

"Naman yana da rai," in ji likita, ya nuna da biro. "Tiyata za ta yi."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Shi kam bai ɗauke ido daga allon ba, ya tambayi ma'aikaciyar:

"'Yar nan, ina numfashi kika ɗauki wannan?"

"Kana yi, Baba."

"Ikon Allah." Ya matso da kujera. "Kar ku kashe tukuna."