Waken da Ba a Gwada Ba

Ni ne da laifi, ba zan raba shi da kowa ba. Murna ce ta yi mini yawa har ta kai ni ga ƙarya, ƙaryar kuma a wuyan ɗiyata na rataya ta.

Ni manomin albasa ne a Gwandu, karatuna bai wuce firamare ba. Ɗiyata ta fari kuwa tana digiri na biyu a jami'a, can wajen Kalgo. Wata Asabar da ta zo gida na same ta a tsakar gida da kwamfuta a cinya, wani zane kamar saƙar zuma yana juyawa a fuskar kwamfutar. Na ja kujera na ce ta faɗa mini mene ne wannan.

Ta ce shimfiɗa ce wadda kaurinta bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba, in aka kwatanta su, ɓawon albasata bargo ne. Ana ɗora iri biyu, wata bisa wata, a yayyafa ɓarɓashin zinariya. In ɗigon wani abu ya sauka a kai aka haska shi da wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza, hasken yakan dawo da alamar abin, don kowane abu da tasa alama kamar zanen yatsa. Alamar ba ta da ƙarfi, shimfiɗar ce ke ƙara mata murya har a gane ta. Ta ce da irin wannan, wata rana za a iya gano ragowar maganin ƙwari a abinci komai ƙanƙantarsa.

Zinariya, haske, da abin da ido ba ya gani, duk a hannun yarinyar da na goya a kan keke zuwa makaranta! Ta ƙara da cewa nata aikin lissafi ne zalla, tana auna wace shimfiɗa ce za ta fi dacewa da wace, ba ta taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Wannan ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Bayan La'asar na baje labari a majalisa. Kafin in gama, lissafi ya zama na'ura, na'urar kuma ɗiyata ce ta ƙera ta. Ni kaina ina jin daɗin yadda labarin ke girma a bakina.

Ba a jima ba wani aminina ɗan garin Malisa, mai ajiyar wake, ya zo da ƙulli a leda. An yi ta raɗe-raɗin ya cika wa buhunansa magani, masu saye sun ja baya. Ya roƙe ni a gwada masa. Na hau babur sai Kalgo, ina tafe ina murmushi ni kaɗai. Ɗiyata ta dubi waken ta yi dariya.

"Baba, ai ni ko wake ɗaya ba ni da inda zan sa shi. Lissafi nake yi. Masu na'ura suna wani wuri, su ma ba su kai nan ba tukuna."

A hanyar komawa kunya ta hau ni. Da wane baki zan koma majalisa? Da aminina ya tare ni, sai na ji bakina ya ce an duba, ba komai. Ya rungume ni. Ranar kasuwa yana ta shela cewa wakensa a jami'a aka gwada shi, ɗiyar wane ce da kanta.

Zuwanta gida na gaba ta tarar da mutane a ƙofa. Wani ya zo da ruwan rijiya a gora, wata Bafulatana da nono, wani daga Ceberu da garin magani, kowa na son a gwada masa. Da ta ji dalili, ba ta dube ni ba. Ta tsaya ta gaya musu ba ta da na'ura, kuma ba ta taɓa gwada waken kowa ba. Suka watse ana gunaguni, na ji wani yana cewa ashe karatun na hoto ne. A ciki ta yi mini tambaya ɗaya, murya ƙasa-ƙasa.

"In yaro ya ci waken nan ya kwanta, sunan wa za a kira?"

A wurinmu uba ba ya buɗe baki ya ba ɗiya haƙuri, balle ta fari wadda ko sunanta ba na kamawa. Sai dai ya yi da hannu, ta hanyar kyauta. Na aika mata kilishi, na sayi atamfa na ba uwarta ta kai mata. Ta aiko da godiya yadda ya kamata. Amma in na shigo tana aiki, sai ta rufe kwamfutar ta gaishe ni. Wannan rufewar ta fi mini zagi ciwo, don har ga Allah ina son in san wace shimfiɗa ce ta yi nasara.

Na fara da Malisa. Na gaya wa aminina gaskiya, na ce ya daina kiran sunan jami'a, ya janye sauran buhunan har a sami masu gwadawa. Ya yi fushi, kuma yana da gaskiya. Na maimaita a majalisa, aka yi mini dariya son rai. Sannan na tafi Kalgo, na same ta ƙarƙashin bishiya a bakin ajinsu. Ta durƙusa za ta gaishe ni, na ce ta tashi.

"Ke kin faɗa mini gaskiya tun farko, ni na ƙi ji. Na yi ƙarya da sunanki, na sa aka raina aikinki. Na gaya wa mutane ni ne maƙaryacin. Ki yafe mini, ɗiyata."