Ranar da tsofaffin Gozaki suka yi wa Dogo gaisuwa

Bana shekara goma ke nan da muka binne Dogo a bayan gidan gurzar auduga na Funtuwa. Bature ne mutumin ƙasar Polan, yana gyaran inji, ni kuwa ina awon audugar. Sunansa na yanka ya gagari harshenmu, sai muka bar shi da Dogo.

Gyaran inji neman tuwo ne kawai, aikinsa na gaskiya rubutu ne. Tun yana gida yake wallafa littattafai a kan manoman ƙauyensu. Da yaƙin Turawa ya zo aka ƙone ƙauyen ƙurmus, mutanen suka ƙare. Bayan ya zo nan Funtuwa ya kama rubuta littafinsa na ƙarshe, tsoronsa ɗaya: kada ya mutu a rasa mai tuna cewa mutanen nan sun taɓa noma a bayan ƙasa.

Ran Lahadi yakan goya ni a babur mu tafi Gozaki wurin abokinsa Nomau, wani tsohon Bamaguje. A gindin ɗorawa yake juya wa tsofaffi abin da ya rubuta da gurguwar Hausarsa. Su kuwa ba su ɗauke shi tatsuniya ba, don a saninsu tatsuniya ba ta maganar taki da iri. Labarin wata tsohuwa mai saniya ɗaya ya fi kama su. Duk zuwa sai Nomau ya ce, "Dogo, yaya jikin tsohuwarmu? Saniyar ta haihu kuwa?"

Ranar da ya karanta musu yadda sojoji suka kore saniyar, sanyi ya kashe tsohuwar, sai tsofaffin suka tashi kowa ya nufi gida. Bayan 'yan kwanaki sai ga su a Funtuwa da damin dawa da zakara, sun zo gaisuwar mutuwa. Na buɗe baki zan ce musu ai ƙirƙira ce, Dogo ya riƙe mini hannu. Nomau ya durƙusa ya ce, "Sannu da rashi. Uwarka ai uwarmu ce." Wallahi ban taɓa ganin babban mutum ya yi kuka irin wanda Dogo ya yi a ranar ba. Daga baya ya gaya mini tun da aka ƙone ƙauyensu ba mahalukin da ya taɓa yi masa gaisuwa.

Nakan ce, da zai leƙo yau me zai faɗa? Mun sami 'yancin kai, ga shi mu ma yaƙi ya same mu. Samari suna hawa motar soja, gonakin iyayensu ciyawa ta cinye. Na san ba zai yi mamaki ba, abin da ke ci mini rai ke nan.

Takardunsa an aika da su ƙasarsu, har yau ban ji an buga ba. Tsofaffin nan sun bi juna ɗaya bayan ɗaya, Nomau ma ya cika da daminar bana. Duk abin da ya rage na ƙauyen Dogo a faɗin ƙasar nan yana cikin kaina ne. Jiya na zauna in tuno sunan tsohuwar don in rubuta muku shi. Na yi, na yi, ya ƙi zuwa, kuma babu sauran wanda zan tambaya.