Libarbar Gado da Usur ɗin Orest

A garin Velna kowa ya san Orest Bilyk ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya dubi bayanta. In rediyo ta ce gobe za a yi ruwa, sai ya fita tsakar gida ya kalli sama da kansa. Duk shekarun da ya yi yana noman alkama a lardin Saskatchewan, bai taɓa kai hatsi awo ya zauna a mota ba, sai ya sauko ya tsaya bayan mai sikeli. Amma ba mugun mutum ba ne. Shi ke share ƙanƙara daga ƙofar coci da tarakta, kuma ya daɗe yana alƙalancin wasan hoki na yara, har gwiwoyinsa suka ƙi. Abin da ya rage masa daga wannan aikin shi ne usur na ƙarfe.

Bayan rasuwar matarsa Stefania, ya ba da gonar haya, ya zauna shi kaɗai. A cikin kayansa babu abin da yake ji da shi kamar libarbar da mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙin duniya na biyu. Tana da rajista, shi ma yana da lasisi, kuma kullum tana kulle a akwatin ƙarfe. Da ita 'yarsa Lesia ta koyi harbi, kuma ita ma yanzu tana da lasisinta a can birni inda take aikin jinya. Orest bai taɓa tunanin akwai gaggawa ba. In ya mutu ai tata ce.

Sai aka shiga maganar cewa za a rufe ƙofar saye da sayar da ƙananan bindigogi, har da kyauta tsakanin uba da 'ya. Wanda ya shigar da buƙatarsa kafin a rufe za a duba masa. Wanda ya makara kuwa, in ya mutu hukuma ce za ta karɓi bindigar. Orest ya kwana biyu yana hango libarbar mahaifinsa cikin injin niƙa ƙarfe, sannan ya kira Lesia. Suka buga wa ofishin bindigogi waya, aka rubuta, aka ce su saurari izini.

Aka yi girbi aka gama, dinya ta wuce kudu gudun sanyi, izini shiru.

Kowace safiya tsofaffin garin kan haɗu su sha kofi a shagon gidan mai. Kujerar Orest tana kusa da ta Arvid Tollefsen, maƙwabcinsa tun suna yara, jikan mutanen Norway, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Yaya, mutumina, sun sakar maka tsohuwar?" in ji Arvid.

"Ina fa. Da gangan suke. So suke in mutu a layi su huta."

"Kai ma ka cika ɗaukar kanka da girma. Duk ƙasar nan kowa ya ruga ya shigar da tasa. Wa ya san da zamanka?"

"Ai shi ne. In ba su san da zamana ba, me ya sa ta abokinmu Harvey ta fito, alhali bayana ya kira?"

"Ta Harvey sabuwa ce. Taka kuwa ta girme ka, kai kuma ka girmi titin garin nan."

Aka yi dariya, ban da Orest. Ruwa dai ba ya tsami banza.

To, akwai wata al'ada da Orest ya ɗauka tun bara, lokacin da 'yan damfara suka kira wata tsohuwa a garin suka ce jikanta ne ya yi haɗari, suka kwashe mata ajiyarta. Bayan nan ɗan sanda ya zo zauren taro ya gargaɗi mutane kada su ba kowa bayanansu ta waya. Orest ya riƙe abu guda daga jawabin: hukuma wasiƙa take aikowa. Ya ɗauko usur ɗinsa ya rataye a ƙusa kusa da wayar kicin. Duk wanda ya kira da ɓoyayyiyar lamba ya ce daga gwamnati yake, sai Orest ya ja numfashi ya busa masa a kunne. Har wasu a garin suka kwaikwaye shi.

Wata rana da hantsi wayar ta yi ƙara, ba lamba. Muryar mace ce, mai laushi.

"Da Orest Bilyk nake magana? Game da ƙaramar bindigar da kake son mayar wa 'yarka ne. Kafin mu ci gaba, faɗa mini ranar haihuwarka da lambar lasisinka."

Orest ya busa usur har sai da karen waje ya yi haushi. Ya ajiye wayar yana murmushi. Amma kafin ya koma kujera murmushin ya gushe. Masu kiran da ya saba da su maganar haraji suke yi, ko katin banki. Wannan ta san da bindiga, ta san da Lesia. Wanda ya san akwai bindiga a gidan tsoho shi kaɗai kuwa, ba kuɗi zai zo nema ba.

Ya zauna ya ƙirga waɗanda suka sani. Lesia ba ta da surutu. Sai teburin kofi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a teburin nan baki ɗaya ne ba shi da marfi. Arvid kan je gwanjon shanu kowane mako, ya zauna da baƙi yana zuba.

Da matar ta sake kira, har sunan kamfanin da ya ƙera libarbar ta faɗa. Ta sake shan usur. Daga ranar Orest ya daina zuwa kofi. Ya sauya wa mabuɗin akwati maɓoya, ya gindaya motarsa a bakin hanyar shiga gida, ya riƙa leƙa kowace motar da ta rage gudu.

Arvid ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofa da hula a hannu.

"Lafiya, tsoho? An ce ko ka mutu ne, na ce a'a, da mun ji ƙorafi daga lahira."

"Wa ka gaya wa maganar libarbata?"

"Wa kuwa zan gaya wa? Kai da kanka kake shelarta kullum."

"A wurin gwanjo fa?"

Arvid ya ɗan sosa ƙeya. "Wataƙila na ce ina da aboki da ofis ya shanya. Ban kama suna ba."

"Wataƙila," in ji Orest, yana jinjina kai.

"Orest, tare aka yi mana baftisma fa."

"Na sani. Ai shi ya sa abin ya fi ciwo."

Bai ce masa ya shigo ba. Arvid ya tsaya jim, ya mai da hularsa, ya juya.

Ƙanƙarar farko ta sauka, ƙofar da ake magana a kai ta rufu. Wata Juma'a Lesia ta zo, ta tarar da mota gindaye a hanya da labulaye a sake. Ta saurari labarin ɓarayin duka tana murza ƙullin fulawa na varenyky, abincin kakanninsu, tana cusa dankali a ciki tana matse bakin ƙullin, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta goge hannu, ta kira ofishin, ta buɗe murya ta ajiye wayar a tebur. Kiɗan jira ya yi ta yi har ta cika faranti biyu.

Wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Colette. Ta nemo maganarsu.

"Tsoffin libarba irin wannan lamba biyu gare su," in ji ta. "Wadda aka ba mu ba ita ce a rajista ba. Muna so mai bindigar ya karanto mana ta ƙarƙashin mariƙi, shi ke nan. Abokiyar aikina ta yi ta kiransa. An rubuta a nan cewa duk lokacin da ta kira, wani yana busa mata usur."

Lesia ta ɗaga kai a hankali ta dubi ƙusar da ke jikin bango.

"In ba mu ji daga gare shi ba," Colette ta ci gaba, "za a ajiye maganar a matsayin wadda aka fasa. Kuma yanzu ba a buɗe sabuwa."

Orest ya matso, ya sunkuya kan wayar. "Baiwar Allah, ta yaya zan san ke ce ke?"

"Baba, mu fa muka kira su."

"Wa ya ba ki lambar?"

"A takardar da ta zo da lasisinka take."

Sai da ta nuna masa, ya sa tabarau ya gwada lamba da lamba. Sannan ya tafi ɗaki, ya daɗe, don ya manta sabon maɓoyar mabuɗin. Ya dawo da libarbar a naɗe cikin tsumma, ya juya ta, ya karanta lambar sau biyu.

"Ta dace," in ji Colette. "Za ta koma layi."

"Gaban layi ko baya?"

"Wannan ba zan iya faɗa ba."

"Ai na sani." Ya gyara murya. "Ita yarinyar nan mai kira, kunnenta lafiya?"

"Yanzu nesa da kunne take riƙe waya."

"Ki ce mata tana da murya mai daɗi. Shi ya sa ban yarda da ita ba."

Ranar Litinin ya koma kofi. Kujerarsa tana nan, ba wanda ya zauna. Ya sayi kofi biyu ya tura ɗaya gaban Arvid. Arvid ya shinshina kofin.

"Me ka zuba a ciki?"

"Sha, ɗan Norway. Har yanzu ban ce bakinka yana da marfi ba."

Izinin bai fito ba sai tsakiyar hunturu, bayan Orest ya gama yanke shawarar cewa sun yaudare shi. Lesia ta zo da akwati mai kwado. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya gwada lambar da ta jikin ƙarfen, ya ɗaga ta ga hasken taga ko akwai abin da aka goge. Sannan ya shafa mariƙin da babban yatsa, inda hannun mahaifinsa ya cinye katakon, ya sa libarbar a akwatin da kansa ya kulle.

"Kada ki tsaya a hanya. In wani ya tare ki, ki nemi ganin shaidarsa."

"To, Baba."

Ta tayar da mota. Ya tsaya a ƙofa yana kallo, sai ya ga kamar ba ta kulle but ɗin da kyau ba. Ya ɗauki mabuɗin motarsa ya bi ta a baya, a hankali, har ta hau babban titi.